Bangon gini mai tsire-tsire: kafin ka sa hannu a kan zanen

Wani mai karatu ya rubuto cewa zai gina benen ofisoshi mai hawa biyar a tsakiyar gari, mai zanen ginin kuma ya ba shi shawarar a lulluɓe bangon gaba da shuke-shuke masu rai daga ƙasa har sama, irin wanda ake gani a hotunan manyan birane. An ce masa hakan zai sanyaya ginin, ya tace iska, ya kuma ɗaga darajar wurin. Yana so ya san ko gaskiya ne, da abin da aikin ke ci.

Malam, tambayarka ta zo kafin a zuba kankare, kuma wannan ne lokacinta. Galibin masu nemana kan irin wannan bango suna zuwa ne bayan ganye ya fara bushewa, a lokacin kuwa sai dai a yi ta faci.

Zan fara da raba maka abubuwan da ake haɗawa a kira da suna ɗaya, domin rikicin daga nan yake tasowa. Akwai tsiro mai yaɗo da aka shuka a ƙasa ko a babban kasko, aka ɗaura masa waya ko raga ya bi ya hau. Saiwarsa na cikin ƙasa, bangon tsani ne kawai a wurinsa. Akwai kuma bangon da tsiron ke zaune a jikinsa, saiwa da ganye duka a sama, ana kai masa ruwa da taki ta bututu. Sai na ƙarshe, gini mai faffaɗan baranda a kowane hawa da aka dasa wa bishiyoyi a manyan kwatarniyoyin kankare. A hoto duk kore ne. A wajen nauyi da kuɗi da wahalar kulawa, tazarar da ke tsakaninsu kamar ta keke da mota ce. Daga yadda ka kwatanta, na biyun ne mai zanenka ke nufi, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1938 wani malamin jami'ar Illinois a Amurka, Stanley Hart White, ya yi rajistar fasahar tubalan da ake jerawa tsiro ya fito a jikinsu, amma abin bai je ko'ina ba. Wanda ya fito da shi duniya ta sani shi ne Patrick Blanc, Bafaranshe masanin tsirrai, wanda ya daɗe yana bincike a dazuzzukan ƙasashe masu yawan ruwan sama. A can ya lura da tarin tsire-tsire da ke rayuwa a jikin dutse da bakin magangarar ruwa da kututturen bishiya, ba ko ƙwayar ƙasa a ƙarƙashinsu. Abin da suke bukata danshi ne da bai yankewa, da ɗan abin da saiwa za ta kama. Sai ya kwaikwayi hakan: firam na ƙarfe da ake kafawa da ɗan tazara daga bango, a kansa faranti na roba mai kaurin kusan santimita ɗaya da ruwa ba ya ratsawa, a kan farantin kuma ninki biyu na wani tsumma mai kama da bargo wanda ba ya ruɓewa. Ana tsaga ninkin waje a yi ɗan aljihu, a cusa tsiron, a danne da ƙusar waya. Bututu mai ƙananan huji yana bi ta sama yana ɗigo da ruwa mai taki a narke, ruwan ya jiƙa bargon ya gangara, kwata a ƙasa ta tare ragowar. Da wannan ya yi bangon gidan tarihi na Quai Branly a Faris, wanda aka buɗe a 2006, mai faɗin kusan murabba'in mita 800 da tsirrai wajen 15,000, da kuma na cibiyar al'adu ta CaixaForum a Madrid mai tsawon mita 24. Kamfanoni da yawa yanzu suna sayar da wani samfurin, na akwatunan roba ko ƙarfe da ake cika wa da sassauƙar ƙasa ko audugar dutse (wani abu mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse) a jera su kamar bulo. Waɗannan sun fi riƙe ruwa, sun kuma fi nauyi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tsiron da ke ƙasa yana da rumbu: in an kwana uku ba a ba shi ruwa ba, saiwa za ta nutsa ta nemo. Na jikin bango ba shi da inda zai nutsa. Duk ajiyarsa ita ce danshin da ke cikin tsumman da bai kai kaurin yatsa ba. Ranar da injin tura ruwa ya tsaya, a lokacin zafi da iska, agogo ya fara bugawa. An taɓa kirana wani otal da ba zan ambaci sunansa ba, bangon harabarsu ya mutu bayan dogon hutu. Na hau tsani na danna bargon da yatsa a can sama, na ji shi ƙamas kamar kwali, ganyen da na taɓa ya marmashe a hannuna. Ƙasa-ƙasa kuwa, daidai gwiwa, akwai sauran kore, domin ɗan ruwan da ya rage can ya taru. Da muka bi sawu, ashe wani ma'aikaci ne ya zare filogin injin ya sa na'urar goge daɓe, ya manta bai mayar ba. Kwana huɗu. Fiye da rabin bangon sai da aka sake dasawa. Ban ga laifin ma'aikacin sosai ba, laifin na wanda ya bar ran tsirrai dubbai a kan soket ɗin da kowa ke iya kaiwa ne.

Shi ya sa nake gaya wa masu gini su daina lissafa wannan bango a sahun fenti da tayil. Sahunsa na lifta ne da janareto: na'ura ce da ke bukatar wuta, da mai duba ta, da kasafin kuɗi duk shekara har ranar da za a cire ta.

Yanzu alkawuran da aka yi maka. Batun sanyi gaskiya ne, amma da iyaka. Ta hanya biyu yake zuwa. Ganye yana tare rana kafin ta daki bango, kuma wannan shi ne kaso mafi tsoka. Sannan ruwan da ganye ke fitarwa yana tafiya da zafi yayin da yake zama tururi, kamar yadda zufa ke sanyaya jiki. Lita ɗaya ta ruwa in ta ƙafe tana ɗauke zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na lantarki. In ka ɗora tafin hannu a kan bangon da rana ta gasa da la'asar, sannan ka zura shi bayan ganye, ba sai an kawo maka ma'auni ba. Sai dai sanyin fatar bango daban, sanyin cikin ɗaki daban. Idan bangonka siriri ne, zafi na ratsa shi cikin sauƙi, za ka ga bambanci a kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki. Idan kuwa an riga an yi masa rufin hana zafi mai kyau, abin da tsiron zai ƙara kaɗan ne. Kuma a benen ofisoshi yawancin zafin ta tagogin gilashi yake shiga, wurin da bangon tsiro bai rufe ba. Sannan wane bango ne? Ka ce na gaba, saboda shi mutane ke gani. A ƙasashe masu zafi, bangon yamma ne ya fi shan wuta, sai na gabas. In gabanka arewa ko kudu yake kallo, ado ka saya, kuma babu laifi a sayi ado in an san shi aka saya.

Maganar sanyaya unguwa kuwa, kada ka ɗora rai. Taku biyu ko uku daga jikin bangon, iska ta gauraya, bambancin ya kusa ɓacewa. Bishiya ɗaya mai faɗin kai a bakin titi ta fi wa mai tafiya a ƙasa amfani, domin ita inuwarta a kansa take faɗowa.

Tace iska shi ne inda 'yan talla suka fi zuzutawa. Asalin zancen wani gwaji ne na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a 1989, inda aka sa tsirrai a cikin ƙananan akwatuna da aka toshe ruf, aka ga sun rage wasu sinadarai masu guba. Ɗakin mutane ba toshasshen akwati ba ne, iska na shiga tana fita. A 2019 masu bincike a jami'ar Drexel ta Amurka suka tattara gwaje-gwajen shekaru da dama suka yi lissafi, suka ga sai an jera tsirrai tsakanin 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita na daɓe kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi. A waje, ganye yana kama ƙura da ɗan hayaƙin mota a jikinsa, musamman a matsattsen titi mai dogayen gine-gine hagu da dama, amma ba abin da zai sa mai asma ya ji sauƙi saboda bango ɗaya ba. Abin da na yarda da shi ba tare da ja ba shi ne ɗan rage amsa-kuwwar hayaniya, da zuwan tsuntsaye da ƙudan zuma, da kuma yadda ido ke hutawa. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke wuni a tsakanin kankare da kwalta, ko da yake ba ya shiga takardar lissafi.

Nauyi: wannan magana ce ta injiniyan gini, kuma a yi ta yau. Samfurin bargo yakan tsaya a 'yan gomiyoyin kilo a kowane murabba'in mita, na akwatuna masu ƙasa kuwa yana iya kaiwa kilo ɗari ko ya wuce in ya sha ruwa ya ƙoshi. Ka nemi kamfanin ya ba ka nauyin a jiƙe, kuma bayan tsiro ya girma, domin wasu na busasshe suke rubutawa a takardar talla. A haɗa da ƙarfin iska, wadda ke kama ganye tana jijjiga ƙusoshin da ke riƙe da firam ɗin. Tazarar da ke tsakanin firam da bango ita ce ke hana danshi shiga ginin, kada wani ya cike ta don neman 'yan santimita. Akwai kuma gobara. Roba da busasshen ganye a tsaye a jikin bene hanya ce da wuta za ta bi ta hau. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, Ingila ta hana amfani da kayan da ke cin wuta a bangon waje na gidajen zama da tsawonsu ya wuce mita 18, kuma hakan ya taɓa masu wannan sana'a. Ka tambayi abin da dokar wurinka ta ce, ka kuma tambayi kamfanin inshora.

Ruwa fa? Ya danganta da rana da iska da irin tsiron, amma ka ƙaddara 'yan litoci a kowane murabba'in mita a kullum lokacin zafi. Ninka wannan da faɗin bangon hawa biyar, za ka ga tanki ake magana. Ingancin ruwan ma abin dubawa ne. Ruwa mai yawan gishiri ko alli yana barin farin ɓurɓushi da ke toshe hujin bututu ɗaya bayan ɗaya, kuma alamar ita ce wani siririn layi na busasshen ganye da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar kore. Duk mai aikin da ya ga wannan layi ya san inda zai sa hannu. Taki ma yana taruwa a bargon ya ƙone saiwa in ba a riƙa wanke shi da zallan ruwa lokaci-lokaci ba. In za ka iya tara ruwan sama daga rufi, ko ruwan da na'urorin sanyaya ɗaki ke ɗigarwa, wanda kusan ba shi da gishiri, ka rage wa kanka nauyi biyu.

Wajen zaɓen tsiro, bango ɗaya yanayi uku ne ko fiye. Sama rana ce da iska da saurin bushewa. Ƙasa inuwa ce da laima, har saiwa kan ruɓe. Gefuna sun fi tsakiya shan iska. Mai gwaninta yana jera tsirrai bisa wannan, mai koyo kuma yana jera su bisa launin da ya yi kyau a kwamfuta. Bayan shekara biyu tsiron da ya fi ƙarfi zai danne maƙwabtansa, zanen nan mai lanƙwasa da aka nuna maka ya koma wani abu dabam, sai an riƙa aski. Wasu za su mutu duk shekara ko da an yi komai daidai, a sake su. Wannan ya kawo tambayar da na fi so masu zane su amsa mini kafin komai: mai askin ta ina zai hau? In amsar ita ce sai an ɗauko motar ɗaga mutum an tare titi duk bayan wata biyu, ka san kuɗin da ke jiranka, ka kuma san ranar da za a fara cewa a bari sai wata mai zuwa.

Za a nuna maka hoton Bosco Verticale na birnin Milan a Italiya, na tabbata, domin kowa shi yake nunawa. Benaye biyu ne da Stefano Boeri ya zana, aka gama a 2014, ɗaya kusan mita 110, ɗayan 76, ɗauke da bishiyoyi wajen 800 ban da ƙananan shuke-shuke dubbai. Abin sha'awa ne, na yarda. Amma ka san abin da ke bayan hoton. An yi renon bishiyoyin tun a gandu don su saba da zaman kwatarniya. An gwada su a ramin gwajin iska, inda ake hura musu iska mai ƙarfi, an ɗaure saiwoyinsu da ƙarfe don kada guguwa ta jefo su kan mutane. An ƙara wa barandun kankare da rodi sosai don su ɗauki nauyin, wanda shi kansa abin muhawara ne ga masu lissafin hayaƙin da yin siminti ke fitarwa. Masu aski da igiya suke saukowa daga rufi. Kuma mai gida ba shi da ikon taɓa bishiyar barandarsa, hukumar ginin ce ke kula da duka, mazauna suna biya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan aikin. A birnin Chengdu na ƙasar Sin an gina wasu benaye takwas masu lambu a kowace baranda, amma aka bar kulawar a hannun masu gidajen. A 2020 jaridu suka yi ta nuna hotunan wurin: gidaje sama da 800 an sayar, ƙalilan ne suka tare, ciyayi sun rufe barandu, sauro ya samu gida.

Ga shawarar da zan ba ka, kuma ita nake ba yawancin masu gini irin naka. Ka koma kan nau'in farko, mai yaɗo. A kafa raga ko wayoyin ƙarfe marasa tsatsa da tazarar kamar tafin hannu ko fiye daga bango, a shuka a ƙasa inda akwai fili, a ƙara dogayen kaskwaye masu zurfi a kowane hawa ko bayan hawa biyu, ta yadda ba tsiron da za a ce ya hau bene biyar shi kaɗai. Inuwar da za ka samu kusan ɗaya ce, har ma ta fi, domin raga tana iya wucewa ta gaban taga, abin da bangon bargo ba zai yi ba. In wuta ta ɗauke kwana biyu, ƙasar kasko za ta riƙe shi. Mai lambu na yau da kullum zai iya kula da shi daga baranda da almakashi. Kada ka ɗauka wannan zaɓin marasa kuɗi ne. Otal ɗin Oasia Downtown a Singapore, mai hawa 27, wanda kamfanin WOHA ya zana aka gama a 2016, haka aka yi shi: jar ragar alminiyam da masu yaɗo iri 21 ke hawa daga kaskwaye, an gauraya su ne don in wani ya gaza wani ya rufe gurbinsa. Ginin Consorcio a Santiago ta ƙasar Chile tun 1993 yake tsaye da irin wannan labule a fuskarsa mai shan ranar yamma, da tsirrai masu zubar da ganye lokacin sanyi don rana ta shiga sa'ad da ake sonta. Singapore ɗin ma ba don sha'awa kawai ta yi fice ba: ruwan sama na sauka mata kusan duk shekara, kuma tun 2009 hukumar tsara birnin ta fito da shirin da ke sa masu gini a wasu yankuna su mayar da koren da gininsu ya cinye, a rufi ko baranda ko bango. Wanda ke garin da ake wata shida ba ɗigon ruwa, bai kamata ya kwafi hotonsu kai tsaye ba.

Aibin mai yaɗo shi ne haƙuri. Ranar buɗe gini za a ga waya tsirara da 'yan tsirrai a gindinta, sai an shekara biyu ko uku kafin ya rufe. Masu gini da yawa wannan ne ba sa iya jurewa. Ka kuma guji irin da ke manne wa bango da kansa in filastarka na da tsaga, domin zai bi tsagar ya buɗa ta, kuma ranar da aka ɓanɓare shi zai bar tabo. Irin mai naɗe waya ya fi lafiya, sai dai a riƙa kare shi daga bakin kwata da tagogi.

In kuma ranka na kan bangon nan mai cikakken ado, yi shi ƙarami, a inda ido ke kaiwa kuma hannu ke kaiwa: gefen ƙofar shiga, tsawon hawa ɗaya ko ɗaya da rabi, wanda tsani zai isa. In a cikin harabar ne, ka sani hasken ofis bai ishi tsiro ba, sai an sa masa fitilu na musamman da za su yi awa goma zuwa sha biyu a kunne kullum. Injin ruwan ya zama da layin wutarsa shi kaɗai a cikin akwati mai makulli, da na'urar da za ta aika saƙo a waya in ruwa ya daina gudu, da famfon da za a iya buɗewa da hannu ranar da komai ya ƙi. Kamfanin da zai kafa shi ya sa hannu kan kulawa ta aƙalla shekara biyu, da sauya duk abin da ya mutu, a rubuta kuɗin shekara-shekara a takarda ɗaya da kuɗin kafawa don ka gan su tare. Kafin ka biya ko sisi, ka ce su kai ka wani bangon da suka yi wanda ya haura shekara uku. Ka je da kanka a tsakiyar lokacin zafi, ka ɗaga kai ka dubi layin sama da kusurwoyi, sannan ka nemi mai gadin wurin ko mai shara ka tambaye shi sau nawa aka sake dasa shi.